Allurar da Na Ɓoye wa Ɗiyata

Zuwa ga Malam Lado,

Assalamu alaikum. Don Allah ka taimake ni da shawara, domin abin da ke damuna ba ya faɗuwa ga abokan aiki, matata kuma ta gaji da kwashe kwanon tuwona yadda ta ajiye shi. Ban taɓa zaton zan rubuto wa wannan fili ba. A da in na tarar da ma'aikatanmu suna karanta shi a bakin aiki, faɗa nake yi musu. Yau ga ni.

Ni likita ne. Shekarata ashirin da huɗu ina aiki, goma sha shida daga ciki ni ne babba a ɓangaren haihuwa na wani asibiti a nan Katsina. Akwai matan da na karɓi haihuwarsu suna jarirai, yanzu su ne ke zuwa mini awo. Ba alfahari nake ba, so nake ka san daga inda mutum zai faɗo.

Akwai ciwon da ke kama masu ciki, ana ce masa jijjiga, wasu su ce taune-taune. Jini ne ke hawa, ƙafafu da fuska su kumbura, sai kawai mace ta faɗi tana karkarwa tana taune harshe. In ta yi sau ɗaya, fargabarmu ita ce ta sake, domin kowace maimaitawa tana iya tafiya da ita ko da abin da ke cikinta. Tun ina ɗalibi abin da aka koya mini shi ne a yi mata allurar diyazefam, mai sa barci, a zuba wata a ƙarin ruwa, sannan a nemi hanyar raba ta da cikin. Malamin da ya koya mini, Allah Ya jiƙansa, mutum ne da ko tarinsa muke kwaikwaya. Haka na yi ta yi, haka kuma na koya wa ƙananan likitoci fiye da hamsin da suka bi ta hannuna.

A watan Yuli aka turo mana sababbin likitoci masu shekarar koyon aiki, waɗanda sai mun sa musu hannu kafin a ba su cikakken lasisi. Cikinsu akwai wata yarinya, zan kira ta Nafisa, 'yar Ƙofar Sauri, mahaifinta maɗinki ne. Ba ta makara, hannunta na da kyau, sai dai tambaya. Duk abin da na ce a yi, sai ta ce, “Yallaɓai, mene ne dalili?” Mu a zamaninmu babba ya faɗa shi ne dalili.

Sati biyu da zuwanta na tarar da wata takarda, fotokwafi, a kan teburina, da ɗan rubutunta a sama cewa in na samu sarari in duba. Ban samu sarari ba. A kanta ma na riƙa ɗora kofin shayi. Bayan kwana goma ta sake ajiye wata irinta. Ita ma ban duba ba.

Wata Talata da safe aka kawo wata mata daga wani ƙauye bayan Batagarawa tana jijjiga. Muka yi mata abin da muka saba. Kafin mu gama zagayen marasa lafiya ta sake, muka ƙara mata, ta kuma sakewa. A nan, gaban nas-nas da ɗalibai da dangin matar da ke leƙe ta taga, Nafisa ta zaro takardar nan daga aljihun farar rigarta. Ta ce akwai wani magani, maganiziyam salfet, da aka gwada shi da namu, aka ga ya fi hana maimaitawa, kuma ta ji ana samunsa a Kano, in na rubuta za a iya kawo shi kafin la'asar.

Malam Lado, ban san lokacin da na ɗaga murya ba. Na ce, “Ke da kika zo jiya, ke za ki koya mini haihuwa da takardar da Turawa suka rubuta a ɗaki mai sanyi?” Sai ta ce, a hankali kuwa, “Yallaɓai, matan da ke cikin takardar ba Turawa ba ne. Irin wannan ne.” Ta nuna gadon. Na ce ta fita, kuma ta nemi wanda zai sa mata hannu, ba ni ba. Matar ta tashi bayan kwana biyu. Ɗan bai zo da rai ba.

Ranar Juma'a bayan la'asar sai ga mahaifinta, Malam Gwadabe, a gidana a GRA, ya zo a kan keke, ita kuma ta biyo shi a acaba. Dattijo ne, ya girme ni da aƙalla shekara goma. Tun daga bakin get ya cire takalmansa, ya tako tsakuwa ba takalmi har zuwa baranda. Ya ƙi zama a kujera. Ya ce, “Likita, ɗiyar nan taka ce. In ta yi ba daidai ba ka zane ta, ba mai tambayarka. Amma kada ka kashe mata karatu. Da keken ɗinki na kai ta inda take, ga idanuna nan, sun tafi a kan allura.” Ya juya ya ce mata, “Ke, mi kike jira?” Ta durƙusa ta ce ta yi kuskure, takardar ma ba ta fahimce ta da kyau ba, in yafe mata. Na ce ya wuce. Na sa aka kawo musu lemo. Ba zan ɓoye maka ba, na ji daɗi.

Daga ranar ba ta sake tambayata dalilin komai ba. Ba ita kaɗai ba, duk sauran sun daina. Zagayenmu ya zama mai sauri, ba gardama. Sista Hajo, babbar nas ɗinmu, wadda muka tsufa tare a wurin, har ta ce mini yanzu ne ɗaki ya dawo hayyacinsa.

To ga inda abin ya juyo mini. Ɗiyata Ma'u tana da cikin fari, wata bakwai da 'yan kwanaki. Ta zo gida yini, na ga takalminta ya matse ta, zobenta ya nutse a yatsa. Na auna jininta, na sake aunawa. Ya hau. Na yi mata murmushi na ce ba komai, na ba ta magani, na ce ta dawo gida da zama sai ta haihu. Da rana tsaka na koma ofis na tono takardar nan daga ƙarƙashin fayiloli, da shatin gindin kofi a kanta. Na karanta ta sau uku, ina neman inda suka yi kuskure kamar mai neman ƙaya a ƙafa. Mata wajen ɗari tara ne masu jijjiga, a ƙasashen Afirka da Indiya da Kudancin Amurka, aka raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, don kada likita ya zaɓi masu sauƙi ya ba maganin da yake so. Waɗanda aka yi wa irin tawa allurar, kusan ashirin da takwas cikin ɗari sun sake jijjiga. Waɗanda aka yi wa ɗayar, goma sha uku. Kuma an buga ta tun shekara biyar da suka wuce. Yarinyar ta fahimce ta sarai. Ƙarya ta yi a barandata don ta ceci lasisinta, ni kuma na ba ta lemo.

Washegari na aika wa wani abokina mai shagon magani a Kano, ya nemo mini kwali guda, haɗe da makarinsa. Yanzu haka yana cikin kabad ɗina, bayan manyan riguna. Na ce wa matata takardu ne.

Kwana shida bayan haka aka kawo wata mai jijjiga. Nafisa ce a bakin aiki. Ta ɗauko fayil, ba ta ko ɗago kai ba, ta ce, “Yallaɓai, diyazefam ko?” Na ce e. Na ce e, Malam, ga kwali a gida. Matar ta jijjiga sau uku, harshenta ya yage, amma Allah Ya tashi kafaɗunta. Tun ranar abinci ya daina wuce mini.

Kada ka ɗauka ba ni da hujja ko kaɗan. Maganin nan ba a yin sa a juya baya. Sai an riƙa ƙirga numfashin mace, ana buga gwiwarta a ga ko tana motsi, ana auna fitsarinta, in ya yi yawa a jiki yana iya tsayar da numfashi. Mu kuwa wani lokaci nas biyu ke kula da gado talatin. Ba ya cikin sitonmu, ban kuma san ko zai riƙa samuwa ba. Ba wanda ya taɓa yin sa a cikinmu, har ni. Amma na san ba wannan ne ya riƙe ni ba. Abin da ya riƙe ni shi ne da wane baki zan tsaya gaban Sista Hajo da yaran nan in ce ita ce da gaskiya? Kuma in na yarda, me zan ce da fuskokin matan da suka tafi a hannuna? Wasu ina tuna sunayensu, wasu launin zanensu kawai.

Nafisa za ta gama da mu ƙarshen watan nan, saura sati uku, na riga na sa mata hannu. Abin da zuciyata ke raya mini shi ne in bari ta tafi, ƙura ta lafa, sannan a sabuwar shekara in kawo sauyin a matsayin abin da na gani a wani taro. Marasa lafiya su amfana, ni ma girmana ya tsira. Akwai laifi a haka? Ko akwai wata hanya? Ka yi haƙuri da tsawon wasiƙar.

Naka,
Likitan da Ya Rasa Magani, Katsina

*

Wa alaikumus salam, Likita.

Na ga ƙoƙarin da ka yi na ɓoye sunanka, Allah Ya ba da lada. Amma babban likitan haihuwa, mazaunin GRA, mai ɗiya da cikin wata bakwai, ina jin ko mai rake na bakin asibitinku ba zai sha wahalar gane ka ba. Na sauya 'yan abubuwa kafin in buga. In duk da haka an gane, kada ka damu, rabin aikin ne aka yi maka. Ka kuma gaida mini ma'aikatan da kake hana karanta ni. Ka sha kuruminka, yanzu haka sun riga ka gani.

Ni ba likita ba ne, tsohon malamin tarihi ne, don haka na kai batun maganin wurin wani abokin karatuna da ke koyar da likitoci, ban faɗa masa ko wane ne ba. Ya ce yarinyar tana da gaskiya game da allurar, kai kuma kana da gaskiya game da sa ido. Amma ba ka bukatar shaidarsa. Ka riga ka yanke hukunci da kanka ranar da ka aika Kano. Ra'ayin likita na gaskiya ba shi ne wanda yake faɗa a zagaye ba, shi ne wanda yake saya wa ɗiyarsa. Naka yana bayan manyan riguna.

Bari in fara da abin da ke hana ka cin tuwo. Matan da suka tafi a hannunka kafin ka sani, ka yi musu iyakar abin da aka sani a inda kake, da zuciya ɗaya. Abokin nawa ya ƙara da cewa ita kanta takardar ba ta rantse cewa duk wadda ta rasu da an yi mata ɗayar allurar za ta rayu ba. Abin da ta tabbatar shi ne raguwar maimaita jijjiga. Tun da ka yarda za ka bi hujja, to ka bi ta a nan ma, kada ka ɗora wa kanka abin da ba ta ɗora maka ba. Ka yi musu addu'a, ka bar su ga Mai su. Na karanta cewa likitocin Turai sun shafe ɗaruruwan shekaru suna tsaga jijiyar mai zazzaɓi suna zubar masa da jini, kuma ba mugaye ba ne. Wanda ya warke su ce aikinsu ne, wanda ya mutu su ce ciwon ne ya yi ƙarfi. Abin bai tsaya ba sai da wasu suka zauna suka ƙirga. Ido ɗaya, ko na gwani ne, ba ya iya ganin bambancin ashirin da takwas da sha uku, domin gado ɗaya yake gani a lokaci guda. Wannan ba gazawarka ba ce. Amma lissafin ya sauya daga ranar da ka karanta ta sau uku. Matar da ta yage harshe tana wannan ɓangaren, kuma kai ma ka sani, shi ya sa ka rubuto.

Ita ma Nafisa ba a wanke take tas ba. Gyara babba gaban dangin mara lafiya yana iya sa su fita da matarsu su nufi wurin mai rubutu, kuma da ta nemi ganinka a ofis baki da baki da ya fi. Sai dai in za mu yi adalci, sau biyu ta bi ta ƙofar ladabi, kai kuma ka mai da ladabin nata faifan kofin shayi. Wadda ke kallon mace na jijjiga karo na uku da magani a aljihunta, ba a tsammanin ta tsaya zaɓen wuri.

Dabararka ta sabuwar shekara kuwa, na yaba da tsarinta, da ɗan siyasa ne kai da ka yi nisa. Amma ka buɗe littafin ɗakinku ka ga masu jijjiga nawa ake kawo muku a wata, ka ninka har zuwa Janairu. Su ne za su biya kuɗin girman naka, ba su kuma san an yi cinikin ba. Ga kuma asara ta biyu. Yarinyar nan za ta bar hannunka da darasi guda: in ka san gaskiya ka yi shiru, in ka faɗa kuwa ubanka ya taka tsakuwa. Da shi za ta tafi duk inda aka tura ta, ita da sauran da suka daina tambaya. Bara sojoji suka koma bariki, muka yi ta murna an daina mulki da doka mai lamba, ashe akwai wani ɗaki a Katsina da labarin bai kai ba. Zagayen da ba gardama ba lafiya ce ba, Likita. Kai ka fi ni sanin cewa mara lafiyar da ya yi shiru gaba ɗaya shi ake gudu a duba.

Kana tsoron girmanka zai zube. Ka tuna masallacin unguwarku. Liman ya yi mantuwa, wani daga sahun baya, wataƙila wanda bai kai shi karatu ba, ya yi masa tasbihi. Liman ya gyara, ya yi sujadar rafkanwa gaban kowa, a yi sallama. Ka taɓa jin an sauke liman saboda haka? Wanda jama'a ke daina bi shi ne wanda aka tunatar ya yi kunnen ƙashi ya ja su duka cikin kuskure.

Saboda haka ranar Litinin ka ɗauki kwalin nan ka kai shi ɗakin haihuwa. Kada ka rage komai a gida. In Ma'u ta bukace shi, Allah Ya kiyaye, can za a kai ta, kuma zai fi maka kyau ta tarar da hannuwan da suka saba da shi, ba uba mai rawar jiki yana karanta takardar cikin kwali ba. Ka ga Sista Hajo tukuna ku biyu, domin ba a ba tsohuwar abokiyar aiki mamaki gaban yara. Sannan a zagaye, a wurin da ka yi tsawar, gaban waɗanda suka ji ta, ka ce ka karanta takardar, Dokta Nafisa ce da gaskiya, daga yau ga yadda za a yi. Jimla uku ce, ba huɗuba ba. Kada ka yi kuka, kada kuma ka ƙara da “amma”.

Daga nan ne aikinka na gaske zai fara, wanda ita ba za ta iya ba. Takarda ta faɗi maganin da ya fi, ba ta faɗi yadda nas biyu za su kula da gado talatin ba. Kai ka san wane gado ne ya fi kusa da teburin nas, wace ce ba ta mantuwa, wa ake rubuta wa a ofis har kaya su shigo sito. Ka nemi wanda ya saba yin allurar ya zo ya nuna muku ko na yini ɗaya ne, ka zauna a sahun gaba. Ku rubuta ƙa'idar a manna a bango, makarin ya zauna kusa, ku riƙa rubuta abin da ya faru da kowace mace don ku ma ku samu abin ƙirgawa. Ka ba Nafisa sati ukun nan ta taya ka. Ka kuma ware rana ɗaya a wata da ƙananan za su kawo abin da suka karanta a tattauna, da sharaɗin kofin shayinka ya zauna a hannunka. Likitoci hamsin ɗin da ka koyar kuwa, suna da adireshi. In wasiƙa ta zo musu daga gare ka, za su bi ta fiye da kowace mujalla. Ka ga amfanin girman ke nan.

Saura abu ɗaya, shi ne mafi nauyi. Akwai dattijo a Ƙofar Sauri da har yanzu yake ganin ɗiyarsa ta yi rashin kunya an yafe mata. Ka je shagonsa da rana, lokacin da maƙwabta ke zaune. Ka bar motar daga nesa. Ka gaya masa ɗinkinsa bai tafi a banza ba, likita ya haifa. Zai yi ta cewa haba Likita, haba Likita, yana neman kujerar da zai ba ka. Kada ka zauna a kai. Takalmanka kuma ka san inda za ka cire su.

Allah Ya ba ka ƙarfin zuciya, Ya dawo maka da cin tuwo, Ya sauki Ma'u lafiya, kwalin ya ƙare a kan wasu ba tare da ta bukace shi ba. In mace aka samu, Allah Ya raya ta mai tambayar dalili, Ya kuma ba kakanta tsawon rai ya riƙa amsawa.

Malam Lado